Abin da na faɗa wa Malam a masallacin Agege

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, kasuwa ta lafa, 'yan dako sun zube a inuwar tireloli suna hutawa, na zagaya bayan rumfarmu a kasuwar Mile 12 ta Legas don in ɗauko littafin bashi. Sai na tarar da ɗan ƙanwata ya jingina wayarsa a jikin kifaffen kwandon tumatir, ya karkata hula, yana yi mata magana kamar mai huɗuba. Abokansa biyu suna gefe suna zuga shi. Na tsaya na kasa kunne. Ashe limamin masallacin da muke salla ne yake yi wa tatas. Wai an ga hotonsa a wani taro, cikin malaman da suka yi wa wani mai neman shugabancin ƙasa mubaya'a tun ba a kaɗa gangar 2027 ba. Yaron nan yana kiransa malamin ciki, yana cewa an saye shi, yana kira ga matasan kasuwa kada wanda ya ƙara bin sa salla.

Na ce, "Kai, kashe wayar nan."

Ya ce, "Kawu, gaskiya fa nake faɗa. Su ne suka kai mu suka baro."

Na ce, "Ka ga lokacin da aka ba shi kuɗin?"

Ya ce, "Haba Kawu, ai kowa ya sani."

Sai da na nemi wuri na zauna. Wannan kalma, kowa ya sani, ita ce ta fito daga bakina shekara goma da 'yan kai da suka wuce, a cikin masallaci, a gaban mutumin da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Ban taɓa ba yaron labarin ba. Ko uwarsa ba ta san shi duka ba. Tunda waya ce kaɗai suke sauraro, bari in rubuta a nan, shi da ire-irensa su karanta.

A 1994 na zo Legas daga Danja, a saman motar albasa, ina ɗan shekara 19. Ba ni da kowa sai wata takarda da mahaifina ya rubuta da ajami zuwa ga wani malami a Agege. Malam ya karanta, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya nuna mini tabarma a zaure. Shekara huɗu na yi a zauren nan ban biya ko kwabo ba. Shi ya kai ni wurin dillalin da ya koya mini harkar kayan gwari, ya tsaya mini har aka fara ba ni kaya bashi. Shi ya karɓa mini aure, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Da aka yi rikicin Ketu da Mile 12 a watan Nuwamban 1999, lokacin da 'yan ƙungiyar Yarabawa ta OPC da 'yan kasuwarmu suka gwabza, aka kashe mutane da dama, Malam yana cikin waɗanda suka yi wa gawawwaki sutura. Ni nake riƙe masa buta. Na ga hannunsa yana rawa, amma bai tsaya ba sai da aka gama.

Wannan shi ne mutumin. Ku riƙe shi a ranku kafin in faɗi abin da na yi.

Amma kuma dole ku san yadda zukatanmu suke a 2014, don ku yaran yanzu kuna ganin kamar a kanku aka fara fushi. A watan Afrilu aka sace 'yan matan Chibok su 276. A ranar 28 ga Nuwamba aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano, kusa da gidan Sarki, ana shirin tayar da salla. Kowace safiya sai ka kira gida gabanka yana faɗuwa. Mu da ke kudu kuma muna shan wata wahalar ta daban. Ka hau danfo da doguwar riga da hula, sai ka ga mutane suna kallon ledar hannunka. Wani ya kira ka aboki, wani ya kira ka Boko Haram a fili, kai da aka kashe maka ɗan'uwa. A watan Yunin shekarar sojoji suka tare matafiya 'yan Arewa su 486 a jihar Abiya. Mun ji a jikinmu cewa ba mu da gata a ƙasar nan, kuma muka ƙudurta cewa mutum ɗaya ne zai share mana hawaye.

Da APC ta zo yin zaɓen fid da gwani a filin wasa na Teslim Balogun da ke Surulere, ranar 10 ga Disamban 2014, a bakin filin na kwana. Ba ni da katin shiga, ba ni da ƙuri'a a ciki. Ina tsaye wurin masu shayi da rediyo a kunne har gari ya waye. Da aka faɗi sakamako, marigayi Janar Buhari 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, na yi kuka da hawaye a kan titi, na rungume mutumin da ban taɓa gani ba. Har gobe ba na jin kunyar wannan kukan. Da zuciya ɗaya na yi shi.

Daga nan na zare. Wani ɗan siyasa, ba zan kama sunansa ba, ya naɗa ni kodinetan 'yan gwari na yankinmu. Babu albashi, babu takarda, sai dafa kafaɗa da cewa idan an ci ba za a manta da mu ba. Na ɗebi naira 400,000 daga jarina, a lokacin da kuɗin suke kuɗi, na buga riguna da huluna, na sayi tsintsiya dami-dami, na riƙa ɗaukar hayar danfo ina kai mutane karɓar katin zaɓe. Manoman Danja da Hunƙuyi da suka aiko mini da kaya na riƙa jan ƙafa wajen tura musu kuɗinsu. Matata ta yi magana, na ce mata wannan jihadi ne, ba ta gane ba. A kasa, a tsare, a raka, shi ne zikirina safe da yamma.

Sai hukumar zaɓe ta ɗage zaɓen 2015 daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. A makonni shidan nan jam'iyya mai mulki ta baje koli a Legas, tana bin sarakuna da ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya wani yaro ya miƙo mini waya. Ga Malam a hoto, cikin wasu dattawan Hausawa, da rawaninsa fari, a layin gaba, a taron da aka ce al'ummar Arewa mazauna Legas sun mara wa gwamnati baya. Kafin azahar labari ya cika kasuwa cewa kowane dattijo ya fito da ambulan mai kauri.

Ban ga ambulan ba. Ban ga wanda ya gani ba. Kowa ya ji ne daga wani.

Daren nan bayan sallar isha'i, Malam ya sallame ke nan, bai ko juyo sosai ba, na miƙe a sahu na biyu. Na ce, "Malam, nawa aka ba ku?" Masallaci ya yi tsit. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, zauna. In an watse sai mu yi magana." Na ce ba ni da maganar ɓoye. Na ce ana kashe 'yan'uwanmu a gida shi yana sayar da jininsu. Na ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu dai ba za a aske mu ba. Wani tsoho ya ja rigata ya ce, "Kai yaro, ka tabbata?" Na fizge na ce kowa ya sani. Na ɗauki takalmina na fita, matasa fiye da ashirin suka bi ni. Washegari na cire 'ya'yana uku daga makarantar allonsa. Muka koma yin jam'i a barandar wani shago.

Ga inda zuciyata take rabuwa biyu har yau. Malam ya je taron, wannan ba ƙarya ba ce. Bai shawarci kowa ba, kuma an yi amfani da rawaninsa an ce mu duka mun yarda, alhali ba mu yarda ba. Wa ya wakilta shi? Wanda mutane suke bi salla sau biyar a rana ba kamar kowa ba ne, idan ya zauna a layin gaba a taron siyasa ya san abin da zamansa yake nufi. A kan wannan ban canja ra'ayi ba. Wani lokaci in na kwanta sai in ce ai ba ni na fara ba, shi ya fara. Sai kuma in tuna cewa ya ce in zauna mu yi magana, ni na ƙi. Ƙofar zaurensa ba ta taɓa rufuwa a gabana ba. Da na so jin dalilinsa da na ji a daren. Ban so ba. Abin da nake so shi ne matasan nan su ga ni ne na iya tsayawa na faɗa wa Malam. Wannan ita ce gaskiyar da na daɗe ina kauce mata.

Aka yi zaɓe ranar 28 ga Maris. Ranar 31 Shugaba Jonathan ya kira Buhari a waya ya taya shi murna tun ba a gama sanarwa ba. Ƙuri'a miliyan 15.4 da miliyan 12.8. Agege ta rikice, 'yan acaba suna wasa da babura, ana ta sai Baba, sai mai gaskiya. Wanda ya faɗi ya kira wanda ya ci, manya sun gama tasu cikin 'yan mintuna. Ni kuwa na ja zuga muka bi ta layin Malam. Yana zaune a zaure da almajirai, a kan irin tabarmar da na kwana shekara huɗu. Na sauko daga babur da tsintsiya na share ƙofar gidansa, yara suna ihu. Bai ce komai ba. Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kansa kan allon da yake dubawa.

Hannuna yana nauyi da nake rubuta wannan.

Shekara ba ta cika ba aka sake rikici a Mile 12, farkon Maris ɗin 2016, daga faɗan ɗan acaba da mutanen unguwa. Aka rasa rayuka, aka ƙona gidaje, gwamnatin Ambode ta rufe kasuwa kusan mako biyu. Wanda bai san tumatir ba ba zai gane ba: kaya ne da ba ya jiran kowa, kwana uku a kwando cikin zafin Legas ya zama ruwa. Motata guda ta ruɓe a tsaye. Ban farfaɗo ba sai ga tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano da Katsina a shekarar, har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Jarin da zan jingina da shi na riga na mayar da shi riguna da tsintsiya. Na kira uban gidan nawa na siyasa ya fi sau talatin. Sau ɗaya yaronsa ya ɗauka ya ce oga yana mitin.

A cikin wannan hali babban ɗan Malam ya yi sallama a ƙofata da rabin buhun shinkafa a kan babur. Ya ce, "Yaya, Malam ya ce a kawo wa yara. Ya ce kuma ka zo yana son ganinka." Na ce ya mayar, ba na cin kuɗin siyasa. Haka na ce. Matata tana bayan labule tana kuka, tukunyarmu kuwa ba a ɗora ta ba ranar. Na gaya wa kaina wai aƙida ce. Girman kai ne, da kunyar haɗa ido da shi.

Malam ya rasu a 2017. Ina kasuwa aka kira ni, kafin in keto cunkoson Ketu da Ojota har an jera sahu. A sahun ƙarshe na tsaya, ni da ya kamata in kama makara. Bayan an dawo daga maƙabarta ɗansa ya ja ni gefe, ba don ya ci mini fuska ba. Ya ce abin da ya kai Malam taron nan shi ne an ce za a saurari koken Hausawa, shi kuma yana da biyu: yadda ake kama yaranmu barkatai, da maganar filin binne mamata. Ya ce Malam yakan ce mu baƙi ne a garin nan, wanda ya wanke gawa a 1999 ba zai so a wayi gari wani ɓangare na masu mulki yana ganin duk Bahaushe maƙiyinsa ne ba. Ko dabarar ta yi daidai ko ba ta yi ba, ana iya musu. Ni dai ban ba shi minti biyar ya faɗa mini da bakinsa ba.

A watan Oktoban 2018 na ga wani hoton. Obasanjo ne a gidansa na Abeokuta da Atiku, ga Sheikh Ahmad Gumi, ga Bishop Kukah, ana murmushi. Obasanjon da watanni kaɗan kafin nan ya ce Allah ba zai yafe masa ba in ya goyi bayan Atiku, shi ne ya ce ya yafe, ya kuma mara masa baya. Shi ɗin dai shi ne aka yaga katinsa na PDP a gabansa a 2015, ya zo 2023 ya ce Peter Obi. Atiku ya bar PDP ya tafi AC, ya dawo, ya tafi APC, ya sake dawowa a 2017. Kwankwaso ya yi PDP, ya yi APC, ya koma PDP, ya shiga NNPP. Gwamnoni biyar na PDP, su Wike, suka juya wa ɗan takararsu baya a 2023. Ba zaginsu nake ba, sana'arsu ce, kuma sun san ba a rufe ƙofa a sa mata kwaɗo. Duk wanda na yi faɗa dominsa ko a kansa ya samu ranar shiryawa da abokin gabarsa. Ni kaɗai ne nawa abokin faɗan yake cikin ƙasa.

To, ɗan ƙanwata. Ba zan ce fushinka na banza ba ne. Acaba kake yi aka hana a manyan ƙananan hukumomin Legas a watan Yunin 2022, babur ɗinka ya tafi. Ka sha layin banki da na masu POS lokacin canjin kuɗi. Malamai suka hau mumbari suka ce tikitin Musulmi biyu, ka bi, ka fita ranar 25 ga Fabrairun 2023 a garin da Obi ya zo ya kayar da Tinubu da ƙuri'a kusan dubu goma, ka san irin kallon da aka yi maka a layi. Ranar rantsuwa aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta zo ta haura 1,000. Kuɗin motar da ke kawo mana kaya daga Arewa ya ninka, kai kake rubutawa a littafi, ka fi ni sani. Kana da haƙƙin ka tambayi duk wanda ya ce ka zaɓa.

Amma ku yaran nan kuna ba ni haushi, wallahi. Ni aƙalla a gaban mutum na tsaya, mutum arba'in suka ji. Ku sai ku laɓe bayan rumfa ku yi wa waya ihu, dubban mutane su gani, ku kwana kuna ƙirga wanda ya danna muku. Rabin masu zagin nan ko katin zaɓe ba su da shi. Ka tambaye su sunan kansilan mazaɓarsu, shiru. Ba ku iya zama a gaban babba minti goma ba ku duba TikTok ba. Yaran da aka kwaso bayan zanga-zangar Agustan 2024, aka kai su kotu a Abuja suna faɗuwa don yunwa, cikin masu zuga su a intanet wa ya je ya tsaya musu?

Na zauna da niyyar in jero maka shawarwari da yawa. Da na zo rubutawa sai na ga ba su da yawa.

Kada ka ce an ba mutum kuɗi sai ka gani. Magana zarar bunu ce, kuma ta waya ta fi muni, don ko ka goge tana wayar wani.

Ka je ka sami limamin a gida. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Allah gafarta Malam, me ya kai ka?" In amsar ba ta gamsar da kai ba, ka gaya masa a nan, kai da shi. Na san na ce malami ba ya da hurumin sayar da sunan jama'a, kuma ina nan a kan bakata, dole a samu masu faɗa musu, in ba haka ba ba za su daina ba. Wataƙila ma wani lokaci sai an faɗa a fili. Amma ba kai ba, ba yau ba, ba da wannan bakin ba.

Kada ka taɓa jarinka saboda ɗan takara, ko da mahaifinka ne ya fito. Kuɗin manomi kuwa amana ne.

Zuciyata tana cewa in ce maka ka fita harkar siyasa gaba ɗaya, ka riƙe littafinka da kwandunanka. Sai dai ba zan iya ba, don in kun bar ta waɗanda ake raba wa taliya da atamfa ne za su zaɓa mana. Ka je ka gyara katinka, ka mayar da shi rumfar zaɓen da ke kusa da kai, ranar zaɓe ka dangwala wa wanda ka ga dama, ka dawo gida. Ba sai unguwa ta san wa ka zaɓa ba. A Legas muke. Mai gidan da kake haya Bayarabe ne, matan da ke sayen kwandunanmu Yarabawa ne da Ibo, kuma in ƙura ta tashi ba a tambayar wace jam'iyya kake, hularka ake kallo.

Ranar Talatar dai ya kashe wayar, amma bai goge bidiyon ba, na lura. Da magariba ta yi na ce ya zo mu tafi masallaci, ya ce zai yi tasa a rumfa. Ban matsa masa ba. Na gaya masa ranar Juma'a zan je Agege gaida iyalin Malam, kamar yadda nake yi duk wata tun 2017, kuma ina so ya raka ni ya ɗaukar mini kwandon kayan miya. Ya ce zai duba.